Tabarmar Ciyayyarmu a Bakin Titi

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ne Malam Sabo tela, daga Yalwawa.

Shaguna uku ne a jere a gininmu na bakin titi, kuma tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba nake cikin na tsakiya. Da azahar mukan shimfiɗa tabarma mu yi ciyayya, ni da Alhaji Ado mai gyaran agogo da Malam Buba mai maganin shanu. Alhaji ya rasu, Malam Buba ya koma Buji. Yanzu masu sayar da waya ne a shagunansu, kowa a ciki yake cin abincinsa. Na yi musu bismilla har na gaji.

Malam Buba, in kana saurare, ina gaisuwa. Har yau ina shimfiɗa tabarmar, kuma ban taɓa zama a inda ka saba zama ba.