Baba Aisami da Faifan Rana na Kwarinmu

Assalamu alaikum. Ina gaida Maigari, da Liman, da malamai, da Mushe Darekta na lakwal, shugaban makarantar yaranmu. Inna Yakura, uwargidan marigayi, ke da yara, sannunku da haƙuri.

Ban saba magana gaban manya ba. Matan lambu ne suka ce in tashi, don na iya karatu kaɗan.

Baba Aisami ya kasance mai kula da faifan rana, wato sola, da ke tada famfon lambunmu. Ya kasance mai amsa tambaya, ko ta yarinya ce. Na taɓa tambayarsa me ya sa faifan baƙi ne, ba ya walƙiya kamar madubi. Ya ce madubi mai da haske yake, wannan kuwa riƙe shi yake. A ƙarƙashin gilashin an yi wa fuskarsa 'yan tuddai da kwaruruka da ido ba ya gani. In haske ya faɗa ciki sai ya bugi wannan tudu ya koma wancan, ya rasa hanyar fita, kamar ruwan sama a kwarinmu.

Ya kasance mai dariya. Da bazarar farko bayan an kafa shi, tsohuwarmu Ya Kaka ta ji tausayin faifan, ta lulluɓe shi da zanenta kamar ɗan maraƙi. Famfo ya tsaya. Baba Aisami ya zo a guje ya ce, "Ya Kaka, kin hana shi abincinsa." Ta ce, "Kai ɗan nan, ko jakinka ba ka bari a wannan rana." Sai da ya janye zanen ruwa ya zubo ta yarda.

Tun da ya kwanta ciwo ruwan ke raguwa. Muna goge faifan da tsumma mai laushi yadda ya koya mana. Rana tana nan, faifan yana nan, amma ba mu san inda za mu taɓa ba. An aika Damagaram neman mai gyara, ba wanda ya zo. Albasarmu ta fara kwantawa.

Inna Yakura, ba ke kaɗai aka bari ba. Ba mu da abin ba ki sai wannan 'yar magana.

Ranar jana'iza Ya Kaka ta sake lulluɓe faifan. Ta zauna gefensa har la'asar, ba wanda ya zo ya yi mata faɗa. Da kanta ta cire zanen.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Baba Aisami, ya haskaka kabarinsa, ya dube mu da muka rage. Amin.