Mabuɗin da Aka Miƙa Ranar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, malamanmu masu daraja, iyayenmu alhazai da hajiyoyi na Rillieux-la-Pape, baƙinmu da suka taso daga Paris da Clichy-sous-Bois, ƴan'uwana ɗalibai na Villeurbanne, da sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode wa ƙungiyar ƴan kasuwarmu da ta ba ƙaramar yarinya kamata, Fatou ta Damagaram, damar tsayawa gaban manya.

An ce in bayyana abin da nake karantawa a jami'a, don iyayena sun gaji da tambaya. Ina nazarin tsofaffin kalmomin Ingilishi na dukiya da ciniki da shari'a. Baba Ɗan Juma ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, kin bar Damagaram kin zo ƙasar Faransa don ki koyi Ingilishin matattu?" Ya yi gaskiya. Amma matattun nan sun bar mana kaya.

Na farko, kalmomin suna bakinmu. Idan ƴan'uwanmu na Najeriya suka ce kotu, ko sammaci, ko beli, ko haya, tsohon kayan Ingila suke ɗauke da shi. Da yawa daga ciki ma daga nan ƙasar suka taso, suka haye teku zuwa Ingila, suka sauka Kano, ga su sun dawo nan Lyon a bakin masu sayar da atamfa. Sun fi kowane Alhaji a zauren nan yawon fatauci.

Na biyu, akwai wata kalma da ba ta iso mu ba, amma mun san abin da take nufi. Suna ce mata sizin, wato riƙo. A Ingilar da, in mutum zai bar wa wani gona, sai ya tara maƙwabta, ya yanki ƙasa da reshen itace, ya danƙa masa a hannu. Idon mutane shi ne shaida. Ranar da na karanta wannan sai da na rufe littafin, domin na ga irinsa da idona.

Wannan ne na uku, kuma shi ya tsayar da ni a nan. Da yawanku kun san marigayi Alhaji Abdou da marigayi Alhaji Mounkaila, abokan da suka buɗe shago ɗaya a unguwar nan. Shekarar da Alhaji Abdou zai koma Paris, ranar ƙaramar Sallah, bayan an idar da sallar Idi, ya tsaya a bakin wannan zauren ya ciro mabuɗin shagon. Ya ce, "Mounkaila, riƙe. Na sallama maka, ku shaida." Wani ya ce a je wurin noter, jami'in da ke hatimce takardun mallaka, a canja suna a takarda. Alhaji Mounkaila ya ɓata rai ya ce, "Abdou zan nemi takarda a hannunsa? Mutumin da muka kwana tabarma ɗaya?" Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka watse.

Yau su biyun suna gaban Allah. Takardar na ɗauke da sunan Alhaji Abdou. Mabuɗin na hannun Hajiya Ramatou, matar Alhaji Mounkaila, wadda a shagon nan take ci, a shagon nan take ciyar da marayunta. In magadan Alhaji Abdou suka bi takarda, Hajiya za ta rufe ƙofa ta miƙa mabuɗi.

Kada kowa ya zargi ƴaƴan Alhaji Abdou. A Paris suka girma, ba su ga ranar ba, mahaifinsu bai faɗa musu ba, don a wurinsa magana ta ƙare. Babbansu, Siddiq, ga shi nan zaune cikinmu, ya ce mini, "Yaya Fatou, ba mu son hakkin kowa. In waɗanda suka gani sun faɗa a gabanmu, mu za mu kai Hajiya wurin noter da kanmu." Wallahi maganar nan ta sa ni hawaye.

Ingilawa sun bar reshe da ƙasa sun koma takarda, ba don sun raina juna ba, sai don shaidu suna mutuwa. Mu ma namu suna tafiya. Neman takarda ba rashin yarda da aboki ba ne, tausayin ƴaƴansa ne da naka.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, don zumunci, don marayu: duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar can ranar Sallar nan, ya ga mabuɗi ya bar hannu ya shiga hannu, ya miƙe tsaye.

Baba Ɗan Juma, a hankali, a riƙe masa sanda. Hajiya Balkisa. Malam Moutari. Can baya ma. Siddiq, juyo ka duba. Ga takardar mahaifinka nan a tsaye.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abdou da Alhaji Mounkaila, Ya haɗa su a aljanna kamar yadda Ya haɗa su a shago. Allah Ya raya zuriyarsu, Ya albarkaci kasuwarmu da karatunmu, Ya mai da baƙinmu Paris lafiya.

Na gode.