Kwaɗi a Waƙar Amarya

A rumfar kayan sauti cikin kasuwar Haɗeja, wani saurayi ya dire ƙananan sifikoki biyu gaban mai rumfar.

"Malam, karɓi tsiyarka! Na ce ka zaɓo min na ɗan ɗakin da nake ɗaukar waƙa, ka haɗa ni da masu kukan kwaɗi!"

"Ina ɗakin naka yake?"

"Bakin kogi."

"To, samari, waɗannan ba sa rufa asiri. Abin da ka ɗauka suke jiyar da kai."

"Kana nufin kwaɗin suna cikin waƙar? Ai tun jiya na tura wa amarya!"

Sai ga wani ƙato ya faka babur, yana huci.

"Waye Safiyanu mawaƙi a nan? Ni ne angon."