Bokiti Uku Suka Zaɓa Mana Wurin Salga

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gajiya, yaya iyali? Sanusi ne daga Ruwan Gizo, yau da murna na rubuto.

Bara salgarmu ta cika da ruwan damina, ta tumbatsa har ƙofar ɗakin Inna. Da muka tashi haƙa sabuwa, Baffana ya nuna gefen tsohuwar ya ce, "Nan ubanka ya haƙa, nan za mu haƙa." Ni kuwa na daɗe ina lura, wurin laka ne, ruwan sama sai ya kwana uku bai tsane ba.

Ban yi gardama ba. Na tona ƙananan ramuka uku a wurare daban-daban, kowanne na zuba masa ruwa bokiti guda. Na rairayi ya shanye nan take. Na jar ƙasar bayan rumbu ya sha a hankali. Na laka kuwa har la'asar ruwa na nan. Baffa ya leƙa ya ce, "Kai, wanga ai randa ce!"

Na ce to, rairayi ke nan. Sai ga dubagari ya zo zagaye, ya ce, "A'a, samari, ga rijiyarku kusa. Ƙasar da ke saurin sha, ita ke saurin kai ƙazanta rijiya. Doka ta hana." Muka koma bayan rumbu.

Malam, ga damina ta raba, salga lafiya lau, rijiya garau, Inna ta daina toshe hanci!

Ina gaida abokina Bello na Bakura. Shi gidansa laka ce ko'ina. Masu sauraro, yaya zai yi?