Garaɓasar sabulu ta cinye jarin marayuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Maman Sadiya ce daga Wunti.

Ranar Talata wakilin wani kamfanin sabulu ya leƙa gwangwanina ya fashe da dariya. A nan na gane an cuce ni.

Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini shago da 'ya'ya huɗu. Ina fita takaba wannan mutumin ya zo ya ce: "Hajiya, ki yi garaɓasa. Duk wanda ya sayi sabulu sanda uku, ki ba shi bokiti kyauta. Ki sayi bokitan da kuɗinki, ki riƙa ƙirga masu saye, ƙarshen wata mu biya ki."

Na ƙirga yadda marigayi yake yi: kowa ya sayi sanda uku, in ba shi bokiti, in jefa ƙwayar wake ɗaya a gwangwani. Jama'a suka yi ta zuwa, har daga Inkil. Wake ɗari biyu da goma! Ribar sanda uku ba ta kai rabin kuɗin bokiti ba, amma na dogara da alkawarinsa.

Sai ga shi ranar Talatar, da ya ga waken, yana cewa: "Haba Hajiya, wake zan kai ofis? Ina sunayen masu sayen da lambobin waya?"

Na ce: "Yaushe ka gaya mini haka? Ka ji tsoron Allah!" Ya hau mashin ya tafi.

Wannan ba zalunci ba ne? Jama'a, ina zan kai ƙara? Da kuɗin shagon na sayi bokitan, ga shi ba a raba gado ba tukuna, kuma har yau na kasa gaya wa yayan maigidana.