Ƙyasta Ashana a Kwanar Mayo Gwoi

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta 'yan acaɓa, Alhaji Hammanjoda, wanda na sani tun yana tura keke marar sirdi a Kachalla Sembe. Mai girma wakilin Jauro, mai unguwarmu. Malam liman da fasto, da aka zaunar kusa da juna domin kowa ya sa ido a farantin ɗan'uwansa. Jami'an kiyaye haɗurra. Iyayena mata da ke can baya cikin rana, domin kujerun inuwa sun ƙare a kan maza. Bakanikai da masu faci. 'Ya'yana 'yan acaɓa, tsofaffin hannu da sababbin shiga. Jama'ar Jalingo baki ɗaya: ina gaishe ku, barkanmu da wuni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lydia Zacchaeus, ma'aikaciyar lafiya. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina kai allurar rigakafi ƙauyuka a kan babur, da akwatin ƙanƙara ɗaure a bayana, tun Jalingo ba ta yi mafarkin zama babban birnin jiha ba. Yanzu an mayar da ni ɗakin masu rauni a asibiti, inda nake karɓar ku ɗaya bayan ɗaya. Da yawanku na san gwiwoyinku fiye da yadda na san fuskokinku.

Ina godiya da wannan gayyata, ina godiya da lemon da aka ajiye mini, ko da yake ya fi shayin safe zafi. Da aka zo gayyatata, da sunan babbar yaya da kuke kirana da shi, an ce mini, "Adda, ki ɗan yabe mu, ki ce a riƙa sa hular kwano, ki zauna." To, ku riƙa sa hular kwano. Na cika kashi ɗaya. Yabo da zama kuwa sai ku yi haƙuri, domin da fushi na zo, kuma tun daga gida na ɗauro shi.

Akwai wata al'ada a wannan ƙungiya da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta, har masu sayar da rake. Sabon yaro ba ya samun rigar ƙungiya, ba ya samun layi a tasha, sai an kai shi kwanar nan ta gangaren Mayo Gwoi, ya taho a guje, ya kwantar da babur har matakin ƙafa ya gogi kwalta ya fid da tartsatsin wuta. Kun sa wa al'adar suna ƙyasta ashana. In wuta ta fito, a yi tafi, a ce ya zama namiji. In ba ta fito ba, a ce ya koma ya sake. Ranar Asabar mai zuwa akwai yaran da za a kai, kuma cikinsu akwai ɗana Timoti, wanda shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mini. Ga shi can yana ɓuya a bayan lasifika. Timoti, fito, kunnuwanka sun riga sun tona ka.

Yaron nan ya gama makaranta, ya nemi aiki har takalminsa ya buɗe baki, na ɗauki tsohon babur ɗina na ba shi. Da na ji labarin Asabar, na ce masa ba za shi ba. Ya ce, "Mama, in ban yi ba, ba riga. In ba riga, ba layi. Kuma har in mutu za su riƙa ce mini ɗan Mama."

Na ce, "To, ɗan wa kake? Ɗan kwalbati?"

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba, harkar maza ce."

Ni da na hau babur da cikinsa wata bakwai.

Na tafi wurin shugaba. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, "Adda, al'ada ce, haka muka tarar." Alhaji, acaɓa kanta a garin nan ba ta kai shekarun akuyar gidana ba. A wurin wa kuka tarar? Wane kakanku ne ya yi hijira a kan babur? Ku kuka ƙirƙire ta wata rana da ba fasinja, zafi ya buga muku kai, kuma abin da zaman banza ya haifa, zaman hankali yana iya binne shi.

Tunda an ce in yi magana a kan tsaro, bari in koya wa sababbin shiga yadda ake shan kwana, domin na lura an koya musu yadda ake faɗuwa ne kawai.

Na farko, ku san dalilin da ya sa babur yake kwanciya. Ba don ya burge 'yan mata ba ne. Duk abin da ke gudu yana son ya miƙe, kwana kuma tana son ya juya, kwanciyar nan ita ce sulhun da ke tsakaninsu. In gudu ya ƙaru, kwanciya ta ƙaru. In kwana ta matse, kwanciya ta ƙaru. Ke nan wanda ya kwanta har ƙasa bai nuna mana gwaninta ba, ya nuna mana cewa ya shigo da gudun da ya fi ƙarfin wurin. Ku duba tayarku. Abin da ke taɓa kwalta a cikinta bai fi tafin hannun jariri ba. A kan wannan ɗan tafin kake, kai da babur, da fasinja, da buhun doyarta. Ranar da matakin ƙafa ya taɓa ƙasa, ƙarfe ya fara karɓar nauyin da taya ke ɗauke da shi, kuma ƙarfe ba ya riƙe kwalta, zamewa yake yi. Wutar nan da kuke wa tafi, babur ne yake cewa na kai iyakata. Ku kuma kun mai da kukan neman agaji kiɗan biki.

Na biyu, birki. A gama shi tun babur yana tsaye a kan ƙafafunsa, kafin a shiga kwana. Ka rage gudu, ka sauko da giya, sannan ka shiga, ka riƙe totur daidai ba fizga ba saki, sai ka hango mafita ka ƙara wuta a hankali. Riƙon taya ɗaya ne, kamar tuwon gidan marowaci: in juyawa ta cinye, birki ba zai samu ba. Wanda ya damƙi birkin gaba yana kwance a tsakiyar kwana, ya aiko mini da saƙo in shirya zare da allura. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar katara. Na ce katara ne saboda liman da fasto, amma kun san wurin da ake nufi.

Na uku, ido. Babur jaki ne mai biyayya, inda ka kalla can zai kai ka. Ka kalli rami, ka shiga rami. Ka kalli kwalbati, ku gaisa da kwalbati. Ka ɗaga haɓa, ka juya kai, ka kalli inda hanya ta fita. Yanzu ku gaya mini, yaron da aka tara masa mutane a bakin kwana suna ihu suna kiran sunansa, ina zai kalla? Ku zai kalla, ko kuma ya sunkuya yana leƙen ƙafarsa ya ga ko wuta ta fito. Kun ɗauke masa ido daga hanya a daidai lokacin da ransa ke rataye a idon.

Sai hannu, kuma wannan ko tsofaffinku ba su san suna yi ba. In kana cikin tafiya kana son bin dama, ɗan tura hannun dama gaba, babur zai kwanta dama da kansa. In hagu, hannun hagu. Turawa kaɗan, kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Ba sai ka karkace ɗuwawu ka zaro gwiwa kamar Turawan da kuke gani a kalandar shagon kayan gyara ba. Na karanta yadda waɗancan suke yi. Titinsu sharewa ake yi kafin su hau, ba mota mai tahowa, ba akuya, tayarsu ta tsere ce, rigarsu fata ce tun daga wuya har idon sawu, ga motar asibiti tana jira da likita a ciki. Kai kuwa singileti, da silifa, da taya mai sanƙo irin na shugaban ƙungiya. A gafarce ni, Alhaji, hular ce ta zame.

Kuma wace kwana kuka zaɓa? Wadda ruwan sama ke kwaso yashi ya shimfiɗa a cikinta duk damina. Wadda manyan motoci ke ɗiga baƙin mai. Wadda shanu ke tsallakawa su je ruwa, su bar mana abin da suka bari. Wadda ba ka ganin abin da ke bayanta sai ka shiga. Ƙa'ida ita ce kada gudunka ya wuce ganinka, ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka ya hango, kuma ka zauna a hannunka, domin tifar yashi ba ta san kana neman riga ba.

Kada ka sauke ƙafa a kwana. Ƙafa ba birki ba ce, silifa ba taya ba ce. Yatsun da na tsinta a cikin silifa sun ishe ni.

Sannan abin da kuka manta gaba ɗaya: fasinja. Ku ba 'yan tsere ba ne, masu ɗaukar mutane ne. Uwar da ta hau bayanka da zane, zaman gefe take yi, ƙafafu biyu a ɓangare ɗaya, goyo a baya, kwano a cinya, kuma kunya ba za ta bar ta ta riƙe ka ba. Kana kwantawa dama, ita tana miƙewa hagu don tsoro, babur ya rasa maganar wa zai ji. Wa ya taɓa koya wa sabon yaro ya ce, "Mama, ki zauna daidai, ki bi jikina, ki tattara gyale kada kaca ta kama"? Ba kowa. An koya masa fid da wuta. Na daɗe a garin nan, ban taɓa jin fasinjar da ta sauka ta ce a ƙara mata tartsatsi ba.

Ga Sani can a ƙarshen benci, sandarsa a jingine. Na nemi izininsa kafin in ambace shi. Bara ya ƙyasta ashanarsa, wuta ta fito, an yi tafi, tafin bai ƙare ba tayar baya ta tashi, ya tafi da gwiwa ya sami bakin kwalbati. Ni na karɓe shi. Ni na riƙe shi lokacin da likita ya ce ƙafar ba za ta zauna ba, sai an yanke ta. Bayan kwana biyu sai ga wakilanku da riga sabuwa a leda, suka rataye ta a ƙarfen gado, suka ce ya ci jarrabawa. Sani ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Adda, ki tambaye su ko tana zuwa da ƙafa." Ba wanda ya yi dariya a ɗakin, sai shi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fid da shi.

Na ga shugaba yana duba agogo. Na kusa, Alhaji, shinkafar ba za ta gudu ba.

Ban ce kada a gwada sabon yaro ba. A gwada shi, domin rayukanmu za a damƙa masa. Amma ga jarrabawar da nake kawo wa wannan ƙungiya a gaban wakilin Jauro da malamai da hukuma. Duk mai son riga ya ɗauko uwarsa a baya. In ba uwa, ya ɗauko gwaggo ko inna ko yayarsa. Ya sauko gangaren nan da ita, ya sha kwanar, ya dawo. In ta sauka da ɗankwalinta a kai, ba ta kira sunan Allah da ƙarfi ba, ba ta kai masa mari ba, a ba shi riga. Wanda ya iya kai uwarsa lafiya zai iya kai uwar wani. Iyayena mata na baya, kun yarda? To, shugaba, ka ji su, kuma su ne fasinjojinka.

Hukunci yana hannun ƙungiya, ni ba 'yar kwamiti ba ce. Amma ga nawa hukuncin, wanda ba ya bukatar ƙuri'a. Babur ɗin da Timoti ke hawa nawa ne, yaron da ke kansa ma nawa ne. Ba zan hana shi zuwa ba, domin ba na so ya rayu yana sunkuyar da kai a tasha. Ranar Asabar zai zo kwanar Mayo Gwoi kamar yadda kuka ce. Ni ma zan zo, kuma a bayansa zan zauna, da zanena, zaman gefe. In jarrabawar uwa kuka zaɓa, ga uwa ta samu. In kuwa kun ce lallai sai ashana, to, Alhaji Hammanjoda, kai da bakinka za ka tsaya a gaban mutanen garin nan, ka dubi yaron, ka ce masa ya kwantar da ni a kwalta. Ina so in ji yadda za ka jera kalmomin.

Allah ya kiyaye hawanku da saukarku. Allah ya tsare ku daga yashin kwana da ramin da ruwa ya rufe, ya tsare ku daga tafin abokai. Allah ya ba Sani haƙuri da abin yi. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji kafin Asabar. Allah ya sa duk wanda ya fita da safe ya koma gida da ƙafafunsa biyu, ya sa in riƙa ganinku a kasuwa da masallaci da coci, in daina ganinku a wurin aikina. Allah ya zaunar da Jalingo lafiya, ya zaunar da Taraba lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Useko. Na gode.