Jikana Ya Ƙi Ɗaukar Delu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Kande daga Birnin Kudu, ƙarar jikana Sabo na kawo.

Ya dawo daga karatu a Ingila, ya sayi fijo. Ranar Lahadi ya ɗauke ni da mutanen gida uku zuwa suna a Gwaram. Ya ɗaure ni da bel kamar akuyar kasuwa. A Kiyako muka tarar da ƙawata Delu a bakin titi, rana na dukanta. Na ce a ɗauke ta.

Ya ce, "Hajiya, mun cika biyar. A can ko yaro ba a ƙarawa, haɗari ne."

Na ce, "Kai mijin banza, wannan fa ita ta yanke maka cibiya!"

Ya ƙi. Na kwance igiyarsa na sauka. Ni da Delu muka hau bayan a-kori-kura, muka wuce shi muna ɗaga masa hannu.

Yanzu wai na kunyata shi, in ba shi haƙuri. Ba zan bayar ba! Masu sauraro, ni da shi wa zai durƙusa? Ina gaida Delu, da fatan ƙugu ya saki.